Daidaita rumbun bayanai a kwamfutoci da yawa ta hanyar filashi

Shago a Mile 12, wani a Agege, sito kuma a Alaba Rago, intanet yau akwai gobe babu: filashi zai iya haɗa muku lissafi ɗaya.

Ku zaɓi kwamfuta ɗaya ta zama uwa, a cikinta kaɗai ake gyara rumbun. Rassa su fitar da cinikin ranar a fayil ɗin CSV (fayil ɗin rubutu mai jera bayanai layi-layi), a kawo wa uwar ta shigar, sannan a mayar musu da sabon kwafi. In mutum biyu suka gyara kwafi daban-daban, wanda aka ɗora daga baya zai shafe aikin ɗan'uwansa.

Kafin kwafa, a rufe manhajar gaba ɗaya. A manhajar rumbun bayanai ta Microsoft Access, muddin fayil mai ƙarshen .laccdb yana nan, galibi rumbun a buɗe yake. A SQLite kuwa, wata manhajar rumbun bayanai, sababbin bayanai na iya zama a wani fayil daban mai ƙarshen -wal. Wanda ya kwafi babban fayil shi kaɗai ya bar cinikin ƙarshe a baya.

A sa kwanan wata a suna, kamar kaya-2025-03-14. Filashi mai tsarin ajiyar fayil na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai 4GB, sai a mayar da filashin tsarin exFAT, amma hakan na goge duk abin da ke cikinsa.

Kada a buɗe rumbun daga kan filashi. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, fayil zai iya lalacewa. A danna Eject kafin cirewa, kuma a riƙa musanya filashi biyu, na jiya ya zauna a ajiye.