Yadda za ka shirya neman horon ƙwarewa a Amurka yanzu da maki kaɗai ba ya shigar da likita

Likitocinmu da suka gama MBBS suke da niyyar tafiya Amurka horon ƙwarewa, ku sani lissafin ya canza. Tun Janairun 2022 jarrabawar USMLE Step 1, wato matakin farko na jarrabawar neman lasisin likita a Amurka, ba ta da maki, ko ka ci ko ka faɗi shi ke nan, kuma asibitocin can suna cewa mutum gaba ɗayansa suke dubawa, abin da AAMC, ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, ta kasa gida huɗu: ayyukan da ka yi, halayenka, ƙwarewarka, sai alƙaluman jarrabawa.

Amma fa kar wannan ya ruɗe ka. Wuri guda zai iya samun masu nema dubbai a kan kujeru 'yan kaɗan, wasu sai sun tace da makin Step 2 CK (mataki na biyu na jarrabawar, wanda shi yana da maki) da shekarar gama makaranta kafin wani ya buɗe fayil ɗinka ma. Don haka ka ba Step 2 haƙƙinta, ka tabbatar sunan makarantarku yana cikin World Directory of Medical Schools (kundin makarantun likitanci na duniya) kuma akwai bayanin ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, a jiki, ka rubuta OET, jarrabawar Turancin ma'aikatan lafiya, waɗannan ba su da ciniki.

Inda mutanenmu suke zubar da damarsu shi ne wajen cike ayyukan da suka yi a ERAS, shafin intanet ɗin da ake neman gurbin horon ta cikinsa. Guda 10 kawai aka yarda ka saka, ka ware 3 da suka fi taɓa ka, kuma wurin rubutun ɗan ƙarami ne. Sai ka ga mutum ya yi shekarar haus ofisa (shekarar farko ta aikin asibiti bayan gama makaranta), ya yi bautar ƙasa a babban asibitin ƙaramar hukuma shi kaɗai ne likita da dare, ya karɓi mai jijjigar haihuwa ba wuta da fitilar waya a baki ya nemo jijiya ya ɗaura mata magnesium, amma abin da zai rubuta wai "na kula da marasa lafiya". Haba likita! Wanda zai karanta bai taɓa ganin wajen ba, kai za ka nuna masa: gado nawa, mutum nawa kake gani a rana, me ka tarar a lalace, me ka gyara. In kai ka tsara rajistar masu sikila ko ka koya wa nas-nas yadda ake gane yaro mai tamowa da wuri, faɗi, da adadi na gaskiya ban da ƙari, don a intabiyu za su tono shi.

Akwai kuma wani gurbi na wahalhalun da ka sha a hanya, ba dole ba ne. In yajin aikin ASUU ya ja maka shekaru ko kai ka riƙe gida bayan rasuwar mahaifi, nan ne wurinsa, a taƙaice ba kuka ba.

Wasiƙun shaida har 4 za ka iya tura wa kowane wuri. Ni a ganina wasiƙar konsoltan da ya yi zagayen duba marasa lafiya da kai wata shida ta fi ta babban farfesan da bai san fuskarka ba, in kuma ka samu ka je kallon aiki a wani asibitin Amurka ka roƙi ɗaya daga can, tana da nauyi sosai. Ka nema da wuri, mun san halin manyanmu da "dawo gobe".

Sai alamar nuna sha'awa da ake aika wa asibitocin da ka fi so, a kakar 2025 ɓangaren cututtukan ciki an ba da na zinare 3 na azurfa 12, adadin yana canzawa don haka ka duba na shekararka. Kar ka ƙarar da su a kan manyan sunaye, duba jerin likitocin da ke horo a wajen yanzu, in akwai 'yan ƙasar waje da yawa kuma suna ɗaukar mai bizar J-1, wato bizar zuwa horo, to nan za ka jefa.

Komai ya kammala kafin ƙarshen Satumba lokacin da suke fara buɗe fayil, intabiyu yawanci ta intanet ne daga Oktoba zuwa Janairu, to ka tanadi data da inbata tun kafin ranar, sakamakon Match, wato rabon da ke nuna asibitin da ka samu, kuma sai tsakiyar Maris.