Yadda Ake Ziyarar Ayuttaya Daga Bangkok da Ɗan Jagora a Yini Ɗaya

'Yan kasuwarmu da ke sauka Bangkok sukan sami rana ɗaya ko biyu da ba su da abin yi. An gama saye a kasuwar Pratunam, kaya suna hannun masu ɗaurewa, jirgi sai jibi. A irin wannan rana ce wani zai kawo shawarar a je Ayuttaya, tsohon babban birnin ƙasar Tailan. Shawara ce mai kyau. Sai dai na sha ganin waɗanda suka fita da zumuɗi suka dawo a galabaice, cikinsu babu komai, azahar ta wuce su, kuma in ka tambaye su abin da suka gani sai su ce maka jan bulo ne kawai da gumakan da ba su da kai. Kusan kullum tafiyar tun a Bangkok take lalacewa, a lokacin da mutum ya miƙa kuɗi bai tambayi komai ba.

Ka fara sanin inda za ka. Ayuttaya tana kimanin kilomita 80 arewa da Bangkok, a kan tsibirin da koguna uku suka kewaye: Chao Phraya da Pa Sak da Lopburi. Sarki U Thong ne ya kafa ta a tsakiyar ƙarni na 14, ta yi fiye da shekara 400 tana fadar mulki, har zuwa 1767 da sojojin ƙasar Bama (Myanmar ta yau) suka ci ta da yaƙi suka ƙone ta. Hukumar UNESCO ta sa kufayinta cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Wuraren iri biyu ne, kuma bambancin yana da amfani gare ka: akwai kangaye da ba a ibada a cikinsu sosai, akwai kuma wuraren bautar da har yau limaman addinin Buda suke zaune a ciki, mutane suna zuwa da furanni da turare.

Maganar lokaci gajeriya ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi daɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne, Afrilu ta fi tsanani. Kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri, rana ba ta ba ka tsoro. Zafin can da laima yake tafe, gumi ba ya bushewa, kuma bulon yana riƙe zafi ya mayar maka da shi. Wajen Satumba da Oktoba ruwa yakan cika koguna, wani lokaci a rufe wuraren da ke bakin kogi; ambaliyar 2011 ta shanye wani ɓangare mai yawa na garin. In kana da zaɓi, ka guji Asabar da Lahadi.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, wato zaɓen tafiyar. Za ka ga iri uku. Akwai babbar bas mai ɗaukar mutum talatin ko arba'in, ita ce mafi araha. Akwai ƙaramar mota ta mutum goma ko ƙasa da haka. Akwai kuma mota da ɗan jagora naku ku kaɗai. In kun kai ku huɗu, ku ɗauki ta ukun, ku raba kuɗin, ba na ma ganin akwai abin muhawara a nan. Bambancin kuɗin kan kowane mutum ba ya kai wahalar da za ku sha a bas, inda mutum ɗaya da ya tsaya ɗaukar hoto zai riƙe kowa a rana. Kuma a motarku ce kawai za ku iya cewa a tsaya masallaci ba tare da kun roƙi baƙi talatin ba.

Kafin ka biya, ka sa a rubuto maka jerin wuraren da za a je, da sunayensu, da awannin da za a yi a kowanne. A rubuce, a wayarka, ba da baki ba. Idan ka ga wurare bakwai ko takwas a takarda, kada ka ɗauka garaɓasa ce. Ma'anarsa minti ashirin-ashirin za a yi, rabinsu kuma a sauka da hawa mota za su tafi. Wurare huɗu sun isa, biyar in kana da ƙarfi. Wanda ya ga takwas a guje, shi ne mai dawowa yana cewa duk iri ɗaya ne, kuma da gaskiyarsa, don ba a ba shi lokacin da zai ga bambanci ba.

Sai ka duba abin da aka cusa a tsakani. Za ka ga an sa kasuwar kan ruwa, ko wurin hawan giwa, ko shagon duwatsu masu daraja, ko wurin sayar da kayan tsaraba. Waɗannan ba tarihi ba ne, kuma sau da yawa direba ko ɗan jagora yana da la'ada a kan duk wanda ya kai. Ba na zarginsu, abincinsu suke nema. Amma kai ɗan kasuwa ne, ka san yadda la'ada take juya hanya. Ka ce a cire. Hawan giwa kuwa, ban da cin lokaci, dabbar tana yawo da mutane a kan kwalta cikin tsakar rana, ni dai ba na ba kowa shawarar ya hau. Akwai kuma tsarin da ake tafiya da bas a dawo ta jirgin ruwa ana cin abinci. Yana da daɗin ji, amma wajen azahar za a kwashe ku daga kufayin, rabin yininku ya tafi a kallon bakin kogi. Haka fadar Bang Pa-In da ke kan hanya: tana da kyau, amma yawancin gine-ginenta na zamanin Sarki Chulalongkorn ne a ƙarni na 19, kuma idan aka fara da ita, sanyin safiya ya ƙare kafin a isa Ayuttaya. Wannan ita ce asara mafi girma, domin awa biyu na farkon safiya sun fi duk sauran yinin daraja.

Ka tambaya ko kuɗin shiga yana cikin abin da ka biya, don manyan wuraren kowanne da tikitinsa, kuma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya. Ka tambaya ko wanda zai raka ku ɗan jagora ne mai lasisi ko direba ne kawai. A dokar Tailan aikin jagorar baƙi na 'yan ƙasa ne, kuma mai lasisi yakan rataya katinsa a wuya. Direba zai sauke ka a ƙofa ya koma ya kwanta a mota, kai kuma ka shiga kana kallon bango ba ka san na mene ne ba. In da hali, ka yi magana da ɗan jagoran ta waya da daddare, minti biyu kawai, ka ji ko kana gane Turancinsa. Wani ya san tarihi ƙwarai amma lafazinsa ba zai shiga kunnenka ba, kuma ba laifin kowa ba ne.

Tambaya ta ƙarshe kafin biya ita ce abinci da salla, ita ce kuma mutanenmu suka fi mantawa. "Akwai abincin rana" da ke rubuce a takarda ba ya nufin za ka iya ci. Abincin da garin ya yi suna da shi taliya ce mai romo da ake kira kuai tiao ruea, kuma ana kaurara romonta da jinin alade ko na saniya, saboda haka ko an ce maka ta naman sa ce, ka bar ta. Abin farin ciki, Ayuttaya tana da Musulmi masu yawa tun zamanin sarakuna. Shehu Ahmad, ɗan kasuwa daga birnin Ƙum na Farisa, ya zauna a nan a farkon ƙarni na 17, ya zama babba a fada kuma shugaban al'ummar Musulmi, kabarinsa yana cikin harabar jami'ar Rajabhat ta garin. Akwai masallatai da gidajen abinci na halal, musamman kudu da tsibirin. Ka gaya wa kamfanin tun kafin ranar cewa gidan abincin Musulmi kuke so, kusa da masallaci, a haɗa ci da salla a tsayawa ɗaya tsakanin ƙarfe 12:30 da 2. Dama a wannan lokacin babu mai hankalin da zai so yawo a kufai. Ka nemi alamar halal ta majalisar Musulunci ta ƙasar, koriya ce da rubutun Larabci.

Idan an daidaita duk wannan, ka nemi a ɗauke ku ƙarfe 6:30, kada ya wuce 7, kafin cunkoson Bangkok ya kama. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce.

Ku fara da Wat Mahathat (wat na nufin wurin bauta a harshensu), inda kan Buda na dutse yake cikin saiwar bishiya, saiwoyin sun naɗe shi ta ko'ina. Da sassafe za ka gan shi a natse, zuwa hantsi layi ake yi. Ƙa'idar wurin ita ce mai ɗaukar hoto ya tsuguna ko ya zauna, kada kansa ya fi kan Budan tsawo, kuma akwai mai gadi da ke lura. Idan zuciyarka ba ta kwanta da tsugunawa a gabansa ba, ka ɗauki hoton bishiyar daga gefe kai ba ka ciki, shi ke nan, babu jayayya da kowa. A nan ne za ka ga layin mutum-mutumin da aka sare wa kai. Wasu tun ƙonewar birnin, da yawa kuma ɓarayin kayan tarihi ne suka sare daga baya suka sayar.

Tsallaken titi akwai Wat Ratchaburana, wanda aka gina a 1424. Sarki Borommarachathirat na biyu ne ya gina shi a inda aka ƙone gawarwakin yayyensa biyu, waɗanda suka kashe juna a kan giwaye wajen neman sarauta, gadon ya faɗo hannun ƙanensu. A 1957 ɓarayi suka fasa ɗakin da ke ƙarƙashin hasumiyar suka kwashi zinariya. Abin da aka ƙwato da wanda aka tono daga baya yana gidan tarihi na Chao Sam Phraya a cikin garin. Kamfanoni ba su cika sa gidan tarihin nan a jerinsu ba, ni kuwa ina ganin ya fi wurare uku na cikin jerin amfani. A can ne za ka gane irin arzikin da birnin ya yi, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki. Ka dai tabbatar a buɗe yake ranar, don yakan rufe a farkon mako.

Na uku Wat Phra Si Sanphet, a cikin harabar tsohuwar fada, mai manyan hasumiyoyi uku masu siffar ƙararrawa da aka ajiye tokar sarakuna uku a ciki. Limamai ba su zauna a nan ba, na gidan sarauta ne. A da akwai Buda na tsaye mai tsawon mita 16 da aka lulluɓe da zinariya, mayaƙan Bama suka narka ta. Inuwa ta yi ƙaranci a wurin, saboda haka ku gama da shi kafin ƙarfe 11.

Bayan abinci da salla ku je ɗaya daga cikin wuraren da ake ibada har yanzu, Wat Yai Chai Mongkhon mai doguwar hasumiyar da ake dangantawa da nasarar Sarki Naresuan a kan Bama, ko Wat Phanan Choeng da ya girmi birnin kansa, tun 1324, mai Buda na zaune mai tsawon mita 19. Ɗaya ya isa. A nan ladabi yake da muhimmanci. Ana cire takalmi a ƙofar ɗakin ibada, don haka ka sa wanda ake zarewa da sauƙi, da safa saboda daɓen yana ƙuna. Kafaɗa da gwiwa a rufe, wanda kaftani ko abaya sun riga sun gama maka wannan. Ka dai zaɓi yadi mara nauyi, ka bar shadda mai sitaci a otal. Hajiya, kada ki taɓa limamin Buda ko ki miƙa masa abu hannu da hannu, dokar addininsu ce ta hana su. Kada a miƙe ƙafa ta fuskanci mutum-mutumin ko wani mutum, kada a hau kan bango ko gindin gunki don hoto. Babu wanda zai ce ka rusuna ko ka kunna turare. Idan ɗan jagora ya miƙo maka fure, ka yi murmushi ka ce ka gode, ka koma gefe ka bar masu ibada su yi abinsu. Maganar sarkin ƙasar da iyalinsa kuma ka kama bakinka gaba ɗaya, ko da wasa, don dokarsu tana ɗaure mutum shekara 3 zuwa 15 a kan haka.

Ku rufe da Wat Chaiwatthanaram a bakin kogin Chao Phraya, wanda Sarki Prasat Thong ya gina a 1630 bisa salon ginin Khmer, wato mutanen Kambodiya. Bayan la'asar ya fi kyau, lokacin da rana ta yi laushi.

Ruwan sha ka riƙe babbar gora tun daga Bangkok, da laima ko malafa, da canjin baht, kuɗin ƙasar, don tikiti da banɗaki. Tsaraba ka sayi roti sai mai, alawa ce mai kama da zare da ake naɗewa a cikin siririyar fanke, Musulmin garin ne suka shahara da ita, rumfunansu suna jere kusa da babban asibiti a titin U Thong. Ba ta daɗewa, ku cinye ta a ranar ko washegari. Kada ka sayi gunkin Buda ko wani abu da aka ce maka tsohon kayan tarihi ne, fitar da su daga ƙasar sai da takardar izini, kuma kada ka tsinci ko guntun bulo. Idan kuɗi sun yi maka kaɗan, jirgin ƙasa daga tashar Krung Thep Aphiwat yana zuwa da araha ƙwarai, sai ka yi shatar tuk-tuk, wato irin keke napep ɗinsu, da awa a can, amma ka sani babu mai yi maka bayani. Ɗan jagoran da ya yi aiki da kyau ka ba shi ɗan ihsani, direba ma haka. Lambar 'yan sandan baƙi 1155 ce, ka ajiye ta a waya. Ku kama hanya kafin magariba, kuma kada ka sa tafiyar nan a ranar da jirginka zai tashi da dare, don cunkoson shiga Bangkok da yamma yana iya ƙara maka awa guda ko fiye.