Kurakuran da masu tara ambulan mai kan sarki suka fi yi, da yadda za a gyara

Kuskure na farko ni ma na tafka shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na tarar da tsofaffin wasiƙu a adakar kakana, wajen guda 30, na sa almakashi na yanke kan sarkin duka na jiƙa a ruwa na ɓare, ambulan ɗin kuma na watsar, wai ni gwani. Ashe abin da na watsar shi ne kayan. Kan sarki shi kaɗai dubban mutane suna da irinsa, amma ambulan da ke ɗauke da hatimin gidan waya, da kwanan wata, da sunan garin da aka jefa ta, da hatiman da aka bubbuga mata a baya a hanya, wannan ita kaɗai ce a duniya. Ka ɗauki kan sarkin Arewacin Najeriya da Turawa suka fara fitarwa a 1900 da kan Sarauniya Victoria, aka ci gaba da na sarakunan Ingila har aka haɗe Arewa da Kudu a 1914. In ka same shi a jikin ambulan da hatimin Zungeru ko Lakwaja ya fito raɗau, ai tarihi ka riƙe a hannu, in ka ɓare shi kuwa ka mayar da shi ƴar takarda kawai. Gyaran nan ba wuya, kar ka yanke, kar ka jiƙa, shikenan.

Sai wajen buɗewa. Wasu da wasiƙa ta zo sai su sa yatsa su farke ta kamar ledar biskit. Sa reza ko siririyar wuƙa ka tsaga ta gefen sama a hankali, kuma ka fara juya bayanta ka duba kada ka bi ta kan hatimi.

Ajiya kuwa nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga ambulan ta ɗan yage sai ya manna mata salatef, bayan ƴan shekaru gam ɗin ya narke ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita har abada. Wani kuma don tsabar so sai ya kai shago a yi mata laminatin, toh wannan ya kashe ta ya binne, babu mai tarawa da zai karɓa ko a kyauta. Haka robar ɗaure kuɗi, zafinmu na bazara narkar da ita yake ta manne a takarda, kilif da fil kuma da damina ta shigo sai tsatsa. Ka samu kwali mai tsabta ka jera su a tsaye, kada ka danne su da nauyi, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshi, kada kuma ka jingina da bangon da ke tsatsafo. Rana ma maƙiyiya ce, wanda ya rataye ambulan a falo don baƙi su gani zai wayi gari ja ya koma fari-fari. In za ka rubuta wani bayani, fensir mai laushi a baya, ban da biro. Kuma don Allah a daina ƙoƙarin goge datti ko bi da dutsen guga, tsufan nan nata ne, a bar mata abinta.

Yanzu musaya. Ka yi alkawari da wani a Jamus ko Indiya za ka aika masa ambulan, sai ka je gidan waya ka miƙa ka juya, ma'aikaci ya liƙa abin da ya ga dama ko ya ja layi da biro a kan kan sarkin, abokinka ya karɓi abin da bai da amfani. Ka sayi kan sarkin ka liƙa da hannunka a sama ta dama, ka bar ɗan fili tsakaninsu da bakin ambulan, sannan ka roƙi mai kanta cikin ladabi ya buga hatimi a gabanka, rabi a kan kan sarkin rabi a kan takarda, yadda kwanan wata zai karantu. Sa ɗan kwali a ciki don kada ta lanƙwashe. Tambayi kuɗin aikawa na gaskiya tukuna, in ya gaza tana iya dawowa ko a caji mai karɓa, in kuma ka cika ta da kan sarki goma don ado wasu masu tarawa ba sa so, sun fi son wadda ta biya daidai kuɗin hanya.

Kafin ka aika ku daidaita, guda nawa, wace iri, rajista ko ta gama-gari. Wani ambulan ranar farko yake nema, wato wadda aka buga wa hatimi ranar da kan sarkin ya fito, kamar na ƴancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, wani kuwa bai damu da wannan ba, shi dai wadda ta sha hanya da gaske. Da wanda ba ka sani ba fara da guda ɗaya ka ga kamun ludayinsa. In ta iso kuma za ka ɗora hoto a Facebook, rufe adireshin mutane tukuna da ɗan ƙyallen takarda, a kan ambulan ɗin za ka aza shi kawai, ba mannawa ba.