Yadda ake zaɓen fitilar batir don tantin kamun kifi a kan ƙanƙara

A jihar Minnesota ta Amurka, da zarar ƙanƙarar tafki ta kai kaurin inci 4, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da hukumar jihar ke ba da shawarar a taka da ƙafa, sai ka ga masunta sun kakkafa tantuna a kan tafkin Mille Lacs da Lake of the Woods, kowa ya huda ramin da zai zura fatsa. A watan Janairu rana kan faɗi wajen ƙarfe biyar na yamma, kifin walleye kuwa ya fi cin ƙugiya da almuru, saboda haka rabin aikin a cikin duhu ake yin sa. Fitilar gas ko ta kananzir ba ta cikin lissafina, domin tanti rufaffe ne, kuma iskar guba da wuta ke fitarwa ba a ganin ta, ba a jin warinta.

Mataki na farko shi ne ka zaɓi batir kafin ka zaɓi fitila, kuma a nan ne sababbin shiga suke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. A hunturuna na farko na sayi fitila mai kyau, na cika ta da batir ɗin alkalin na kanti, na ajiye ta a kan ƙanƙara kusa da ramin. Ba a jima ba haskenta ya koma ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ga kifi ya kama, ga yatsuna sun sandare, ina lalubar ƙugiya a bakinsa har ta soke ni. Da na koma gida ɗumi ya ratsa fitilar, sai ta kama garau, wato cajin yana nan, sanyi ne ya daƙile shi. Sanyi yana rage saurin aikin sinadaran da ke cikin batir, kuma alkalin yana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ƙananan batir na litiyam masu girman AA an ƙera su su yi aiki har digiri 40 ƙasa da sifili. Sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma su kaɗai nake yarda a sa wa fitilar goshi.

Ga babbar fitilar tanti kuwa, batir mai volt 12 ake buƙata, kuma lissafinsa ba wuya. Fitilar LED mai wat 10 tana jan kusan amfiya 0.8. Batir na dalma mai 7Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), irin wanda masunta ke haɗa wa na'urar gano kifi, bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba, don haka awa huɗu ne rabonka, sanyi ma ya ci nasa a ciki. Na litiyam irin LiFePO4 mai 10Ah zai kai ka sama da awa goma, ga shi bai kai nauyin wancan ba ko kusa, abin da za ka gode masa idan kana jan kaya a kan tafki. Wanda aljihunsa bai kai ba ya riƙe na dalmar, amma kada ya raba shi da na'urar gano kifi, kowanne da nasa. Ko wane iri ne, kada ya taɓa ƙanƙara. A ɗora shi a kan bokiti ko a sa shi cikin jaka mai soso.

Sai fitilar kanta. Zaren LED da ake ɗaurewa a jikin sandunan rufin tanti ya fi fitilar ajiyewa, saboda haske daga sama yake saukowa, inuwar hannunka ba ta rufe ramin. Ka nemi mai maɓallin rage haske, mai launin ɗorawa-ɗorawa wajen 3000K a ma'aunin launin haske, domin fari fat idan ya bugi ƙanƙara kashe ido yake yi. Ka kuma duba alamar IP65, wadda ke nuna an kare fitilar daga ƙura da fesin ruwa, saboda numfashi da ɗumin hita suna tara raɓa a rufi, tana ɗiga a kan wayoyi. Gam ɗin bayan zaren ba ya kama a cikin sanyi, da igiyar roba ake ɗaurewa. A sa fiyus kusa da kan batir.

Fitilar goshi mai jan haske ta zauna a aljihun ciki tare da batir na ko-ta-kwana, inda ɗumin jiki zai kiyaye su. Idan ka dawo gida, kada ka sa babban batir na litiyam a caji yana da sanyin da ya kai ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, domin hakan lalata shi yake yi. Ka bar shi a ɗaki na ƴan awoyi ya yi ɗumi tukuna.