Yadda Ake Danna Wuyan Hannu Don Kwantar da Tashin Zuciya

Wanda tafiyar mota ke sa shi amai, da mace mai laulayi, sun san yadda tashin zuciya ke hana mutum sakat. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suna da dabarar da ba ta buƙatar allura ko ƙwaya, wato danna wasu gurabe a jiki da yatsa. Ana kiranta akufresha.

Tushenta yana cikin tsoffin littattafansu, musamman Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A fahimtarsu, akwai ƙarfin rai mai suna "ci" da ke zagaya jiki ta manyan hanyoyi 12, kuma ciwo na tasowa ne idan ya tokare a wani wuri. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitaccen bayanin inda gurabe 361 na kan hanyoyin "ci" suke. Masu fiɗa dai ba su taɓa ganin waɗannan hanyoyi a jikin mutum ba, don haka ni ban ɗauki kowane gurbi da nauyi ɗaya ba. Wanda nake ba mutane shawara a kansa shi ne Neiguan, ko P6, saboda an gwada shi sosai. A 2015 masu nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya tana tantancewa, sun haɗa gwaje-gwaje 59 a kan waɗanda aka yi wa tiyata, suka ga motsa wannan gurbi yana rage tashin zuciya da amai.

Da farko ka zauna, ka juya hannun hagu tafin yana kallon sama. Ɗora yatsun hannun dama uku, manuni da na tsakiya da mai bi masa, a gicciye a kan wuyan hannun, farawa daga layin da ya raba tafi da sauran hannu. Inda yatsun suka ƙare ta ɓangaren gwiwar hannu, nan ne tsayin gurbin. A nan mutane da yawa ke kuskure: awon da yatsun mai jikin ake yinsa. Idan yaro za ki danna wa, da nasa yatsun za ki auna, domin naki sun fi ƙarfin hannunsa, za ki wuce wurin.

Sai ka ɗan dunƙule hannun. Za ka ga jijiyoyi biyu masu tauri sun taso a tsakiya, suna tafiya a jere. Gurbin yana cikin ɗan kwarin da ke tsakaninsu. Saki dunƙulen, ka sa tsokar babban yatsa a wurin, ba farce ba, sauran yatsun kuma su tallafe hannun ta baya.

Danna a hankali har ka ji wani nauyi-nauyi a ciki, kana murzawa kaɗan, tsawon minti 2 zuwa 3, kana jan numfashi ta hanci. Idan ka ji zafi mai suka, ko yatsu sun fara tsuwa suna mutuwa, ka sassauta. Akwai babbar jijiyar ji a ƙarƙashin wurin, kuma matsa ta da ƙarfi ba ya ƙara amfani. Daga nan ka koma ɗaya hannun. Matafiyi gara ya fara tun kafin mota ta tashi. Akwai ma awarwaron roba irin Sea-Band mai ɗan maɓalli da ke danna gurbin, ana sa shi a hannu biyu.

Za ka ji ana yawan ambaton Hegu, tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, don ciwon kai. Masu wannan magani da kansu sun hana mai juna biyu danna shi.

Kada a danna kan rauni, ƙuna ko kumburi. Mai shan maganin tsinka jini irin wafarin ya taɓa sama-sama. Kuma don Allah kada wannan ya jinkirta zuwa asibiti: amai da zazzaɓi na buƙatar gwajin maleriya, yaro mai amai da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi, haka mai ciki da ko ruwa ba ya zama mata, ko wanda ya ga jini a amansa, su ga likita a ranar.