Mai zane, mai deko, mai jere: kurakuran da muke yi wajen gyaran gida a Maradi

Shekarar da aka aurar da ƙanwata, saura kwana biyu a kai amarya, mu shida muka yi cirko-cirko a bakin ƙofar ɗakinta a unguwar Zariya, muna kallon armuwar, wato kabad ɗin ajiye tufafi, mai murfi huɗu da ta ƙi shiga. An juya ta tsaye, an kwantar da ita, an ɗaga ta a karkace, duk a banza. Faɗin ƙofar santimita 80 ne, ga kuma ɗan lungu kafin a kai gare ta. Kafintan ya share gumi ya ce mini, "Yallaɓai, ni hoto anka turo min ta WhatsApp, anka ce in yi irin wannan. Ba wanda ya kawo ni na ga ɗaki." Gaskiyarsa. Dole aka kwance ta aka shigar guntu-guntu, aka sake haɗawa, har yau murfi ɗaya bai rufuwa daidai. Da aka jingina ta da bangon da kawai zai iya ɗaukarta, sai ta rufe wurin jona wuta ɗaya tal da ke ɗakin.

Gwaggonmu tana gefe ta ce, "Ai da kun kira mai deko tun farko." Na yi shiru don girmanta, amma mai deko ma da ya zo ba abin da zai iya yi wa ƙofa da soket. Waɗannan tun lokacin gini aka yi kuskurensu. Yawancin asarar da nake gani ana yi a gidajen unguwannin Ali Ɗan Sofo da Burja da sababbin unguwanni daga nan take tasowa: an kira mutumin kirki, amma an kira shi a kan aikin da ba nasa ba, ko an kira shi bayan lokacinsa ya wuce.

Mu fara da mai zanen gini, wanda ƴan boko ke ce wa arshitek. Shi ne ke yanke inda gida zai fuskanta, inda taga za ta kasance, tsayin rufi, faɗin ƙofa, da yadda iska za ta ratsa ɗakuna. Aiki ne na karatu mai tsawo. Da yawa daga cikin namu na Nijar a EAMAU, makarantar koyon zanen gini da ke Lome a Togo, suka yi, kuma Nijar tana da ƙungiyar masu wannan sana'a ta hukuma. Kusa da shi akwai injiniyan gini, mai lissafin ƙarfe da siminti da nauyin da ginshiƙi zai ɗauka. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya ce kuɗinsu ya yi yawa, ya ari zanen gidan abokinsa ya miƙa wa magini. Filin abokin yana kallon arewa, naka yana kallon yamma. Sai ka wayi gari babbar tagar falonka tana shan rana tun daga azahar har magariba, a garin da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Daga nan kuma sai a shiga neman labule mai kauri da na'urar sanyaya ɗaki, ana biyan kamfanin lantarki NIGELEC kuɗin kuskuren da fensir ya isa ya gyara. Wanda bai da halin ɗaukar mai zane ya bi aikin har ƙarshe, ya biya shi ko da na zuwa ganin fili da gyara zanen ne. Ya fi babu nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne wanda mutane suka fi rashin sani, kuma a kansa zan daɗe: mai tsara cikin gida. Shi ba ya haƙa harsashi, ba ya kuma sayar da labule. Aikinsa ya zauna da mai gida da uwargida ya yi tambayoyi masu kama da shisshigi. Ku nawa ne? A ƙasa kuke cin abinci ko a kan tebur? Baƙi maza ta ina za su shiga ba tare da sun ratsa tsakar gida ba? Da gas ake girki ko da gawayi, ko duka biyun? Ina za a yi alwala? Daga amsoshin ne yake zana inda gado zai zauna, inda armuwar za ta tsaya, sannan ya ce wa mai lantarki ga inda za a sa soket da makunni, ya ce wa mai famfo ga inda bututu zai fito. Lokacinsa shi ne bayan an tada bango, kafin a yi shafe. Mu kuwa sai an yi shafe, an shimfiɗa karo, wato tayil, an yi fenti, sannan a tuna da shi. A lokacin duk shawarar da zai bayar sai an ɗauko guduma.

Ga misalin da na gani da idona a gidan wani ɗan'uwa. An gama silin na sitaf, wanda ƴan Najeriya ke ce wa fi-o-fi, an yi masa hawa uku da fitilu kala-kala. Sai aka zo saka fanka, aka tarar ba a bar ƙugiyar ƙarfe daga rufi ba. Sitaf kuwa allin farar ƙasa ne da zare, ba ya ɗaukar nauyin fanka tana juyawa. Aka fasa tsakiya aka sa ƙarfe, aka liƙe, tabon yana nan. Bayan wata biyu aka sayo na'urar sanyi, ita ma ba a ja mata nata layin wuta ba, ba a bar hanyar da ruwanta zai bi ba. Yanzu ga bututu fari yana bin bangon da aka kashe wa kuɗi, yana ɗiga cikin bokiti. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Da an zaunar da mai lantarki da mai sitaf da mai gida rana ɗaya, da takarda ɗaya a gabansu, da duk wannan bai faru ba.

To, masu wannan sana'a da suka yi karatunta ba su da yawa a Maradi, wannan gaskiya ce. In ba a samu ba, mai zanen ginin yana iya yin wannan ɓangare in an roƙe shi tun farko. In shi ma babu, ɗauki alli ka shiga ɗakin da matarka, ku zana gado da kujeru a ƙasa da ainihin awonsu, ku buɗe ƙofa ku gani ko za ta bugi wani abu. Matar gida ta fi kowa sanin inda ake bukatar wuta a kicin. Na sha ganin an gama gida ba a taɓa kai ta wurin ba sai ranar tarewa.

Mai deko shi ne na uku, kuma sunansa ne ya cinye na sauran, har ya zama duk wanda ya taɓa ɗaki da shi ake kiransa. Aikinsa na gaskiya shi ne abin da ido ke gani: launin fenti, labule, kujeru, kafet, fitilu, abin rataye a bango. Mai kyau a cikinsu yana da ido, yana iya ɗaukar falo mai duhu ya farfaɗo da shi da kuɗi kaɗan. Matsala tana farawa ne lokacin da ya ce, "Alhaji, mu cire wannan bangon falo ya yi faɗi," kai kuma ka ce to. Bango ba labule ba ne. Wani yana ɗauke da dakalin sama, kuma ba a gane haka da kallo. Duk shawarar da ta kai ga fasa gini, a tsaya a kira injiniya, ko aƙalla maginin da ya tada gidan.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Yawancin masu deko ɗinmu ƴan kasuwa ne, suna da shagon labule ko kujeru, ko suna da la'ada a wurin mai shago. Wannan ba laifi ba ne, neman halali ne. Amma in mutum ya ce shawararsa kyauta ce, ka san a cikin kayan zai fanshe. Mai sayar da labule ba zai taɓa ce maka tagar nan ba ta bukatar labule hawa uku ba. Maganin shi ne a raba lissafi gida biyu a rubuce: kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban. Sannan ka shiga babbar kasuwa da kanka ka taya mita ɗaya na yadin, ka ji.

Kada kuma a haɗa shi da mai kwalliyar wurin biki. Wannan gwaninta ce ta yini ɗaya: yadi mai ƙyalli, furen roba, fitila mai walƙiya, a ɗauki hoto a kwashe. Wanda ya ba shi falonsa zai kwana cikin zauren biki shekara biyar.

Hotunan Instagram ma sun yi mana illa. Ɗakin Dubai ko na Turkiyya a rufe yake ruf, na'ura ce ke ba shi iska dare da rana. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta neman izini. Farar kujera mai gashi-gashi da kafet daga bango zuwa bango, wata uku sun isa su koma launin ƙasa. Katakon nan na garin katako da aka matse, wanda ake shigo da gadaje da armuwar da shi, yana da kyan gani, amma da ruwan goge ɗaki ya taɓa gindinsa sai ya kumbura, ga gara tana jira. Sitaf a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo, damina ɗaya zai yi rawaya ya fara zubowa, don haka a fara da mai rufi. Gida kuma da ba ya zaunuwa sai da wuta, an ga yadda ya kasance a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Masu tagogi biyu da ke kallon juna sun yi barci.

Wani lokaci nakan yi mamakin yadda muka manta cewa ƙasar Hausa ta daɗe da raba waɗannan ayyuka. Akwai Sarkin Magina, akwai gwanin da ke ɗaurin guga ya tada soro ba ginshiƙi a tsaka, akwai mai zanen dagi a fuskar zaure, irin wanda har yau ake gani a Birnin Damagaram. Falke Barmu, maginin da ya gina masallacin Yama a jihar Tawa da ƙasa, aikinsa ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. A zamaninmu mai zanen gini Mariam Issoufou Kamara ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu na garin Dandaji da tubalin ƙasa da aka matse, tare da maginan yankin. Wanda ke son ado a zaurensa da ba zai tsufa cikin shekara biyu ba, ya nemi tsohon magini mai zane tun suna raye.

Sai masu jere. Su ne na ƙarshe a shiga ɗaki, kuma a kansu ake sauke duk laifin waɗanda suka gabace su. Da can gwaggwanni da ƙawayen uwa ne ke jera kwalla da tasoshi da fantimoti har kusa da rufi. Yanzu akwai matan da suka maida abin sana'a, ana biyansu, kuma wasunsu sun ƙware ƙwarai. Amma mai jere abin da ta tarar take jerawa. Ba za ta ƙara wa ɗaki faɗi ba. Iyayen amarya suna sayen kaya gwargwadon abin da maƙwabta suka yi wa tasu ɗiyar, dangin ango kuma sun kama ɗaki ciki da falo, ba wanda ya tambayi wani awo saboda kunya. Ranar jere sai a ga kujera ɗaya a tsakar gida rana na dukanta. Ba abin kunya ba ne a tura yaro da mita ya auno tsawo da faɗi da ƙofa, ya ɗauko hoton inda soket da taga suke, kafin a ba kafinta ko sisi. In da hali a kai mai jeren ta ga ɗakin tun kafin sayayya, za ta faɗa muku abin da ba zai shiga ba.

Batun kuɗi a taƙaice. Kada kafin alƙalami ya wuce abin da zai sayi kayan matakin farko, sauran a biya bisa aikin da aka gani. In daga Katsina ko Kano aka ɗauko ma'aikaci, abin da ake yawan yi wajen sitaf da labule, a rubuta da wane kuɗi aka yi ciniki, sefa ko naira, da wanda zai ɗauki kuɗin mota da masauki da na shigo da kaya ta iyakar Ɗan Isa. Na ga abota ta lalace a kan canji kawai. Karo kuma a saye shi lokaci ɗaya, da ƙarin kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, don wanda za a ƙaro daga baya da wuya launinsa ya zo daidai ko da sunansu ɗaya.

Mai fenti shi ne ya fi shan zagi ba da hakkinsa ba. Sabon shafen siminti yana son makonni uku zuwa huɗu ya bushe kafin a taɓa shi, a damina ma fiye. Amma an riga an sa ranar biki, katin gayyata ya fita, sai a ce masa ya shafa kawai. In ya ce a jira, a ce malalaci ne a kira wani. Bayan wata biyu fenti ya yi ƙuraje yana ɓarewa, farin gishiri na fitowa daga bango. A ɗakin ƙanwata ma haka aka yi, ni da kaina na matsa wa mutumin. Ya ce, "Yallaɓai, bangon ga da sauran ruwa a jikinshi." Na ce masa jibi za a kawo amarya. Ya ɗauki buroshi ya shafa. Ɓarewar ta fara ne daga bayan armuwar, inda ba mai gani, shi ya sa sai da ta kai bakin taga muka lura.