Bulok ɗin injin gas ya tsage: kurakuran da masu a-kori-kura suka fi yi

A garejojin Birnin Kebbi, Jega da Argungu, da zarar a-kori-kura mai amfani da man gas ta fara shan ruwa, hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin top silinda da jikin inji, ya ƙone. Sai a kwance top silinda, a sa sabo, bayan kwana kaɗan ruwa ya koma raguwa. Wannan shi ne kuskure mafi cin kuɗi, domin wani lokacin ciwon yana jikin bulok ɗin ne, wato gangar jikin injin ta ƙarfen zubi wadda silindoji ke ciki. Kafin a taɓa ƙusa ko ɗaya, a wanke injin tas, a matsa wa lagireto iska da famfon gwaji, sannan a sake dubawa bayan injin ya ɗau zafi. Tsagar ƙarfen zubi takan rufe bakinta da sanyi, ba ta buɗewa sai ƙarfen ya yi zafi. Idan ta waje ce, za ka ga sawun tsatsa ko farin busasshen ruwa a gefen injin. Idan ta ciki ce, baƙin mai yakan koma kamar madara, salansa ta riƙa fitar da farin hayaƙi.

Kuskure na biyu shi ne ɗora wa direba laifi kai tsaye. Na ga an kori yaro daga aiki a kan abin da ba shi ya yi ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Akwai bulok da tun daga masana'anta ya fito da aibi. Misalin da aka fi sani shi ne injin Cummins mai lita 5.9 da ke cikin Dodge Ram na wajen 1999 zuwa 2001 a Amurka. Wasu daga cikinsu an zuba su a Brazil, an buga lamba 53 a jikinsu, kuma bangon hanyar ruwansu ya fito da siriri. Sukan tsage ta gefen dama, ƙasa da marafan ƙarfe masu zagaye da ke toshe ramukan hanyar ruwa a jikin bulok, ko da mai motar yana lallaɓa ta. Irin wannan mota ba ta da yawa a nan, amma duk mai sayen injin Beljiyam ko motar Kwatano ya kamata ya sunkuya da tocila ya karanta lambar da ke jikin bulok, ya bincika ta a intanet kafin ya biya. Sabon fenti a gefe guda na tsohon inji abin tuhuma ne.

Sai kuma halayenmu da ke ƙarasa ƙarfen da dama mai rauni ne. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga lodin buhunan shinkafa daga fadama ya wuce ƙima. Allurar da ke nuna zafin inji ta hau, direba ya tsaya ya buɗe lagireto ya kwarara ruwan sanyi. Ƙarfe mai zafi da aka sanyaya farat ɗaya yana tsukewa ba daidai ba, nan take tsaga na iya samuwa. A kashe injin, a jira ya huce, sannan a ƙara ruwa a hankali. Cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da sunan ƙasarmu akwai zafi shi ma ba gyara ba ne, haka zuba ruwan rijiya zalla, wanda ke cika hanyoyin ruwa da tsatsa. A sayi ruwan lagireto na gaske.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen mai walda. Ƙarfen zubi ba ya karɓar walda irin ta ƙofa da taga. Idan aka ɗora masa wuta haka kawai, sabuwar tsaga takan fito a gefen ta farko. Mai aikin da ya san hannunsa zai huda ƙananan ramuka a ƙarshen tsagar biyu don kada ta ci gaba, ya ɗumama ƙarfen, ya yi amfani da sandar nikel, ya bar shi ya huce sannu a hankali. Akwai kuma ɗinkin sanyi, inda ake jera ƙusoshi masu zare a kan tsagar ba tare da wuta ba, kuma ga tsagar waje shi ya fi aminci. Maganin toshe yoyo na kwalba zai iya kai ka gida daga Yauri, amma yana iya toshe lagireto ma. Idan tsagar ta shiga cikin silinda ko ta kai mazaunin kiranshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, a nemi wani bulok ɗin, a gwada shi a gaban mai sayarwa.